Wata Takwas Ina Koyon Zane a Hannun Malami Mai Zaman Kansa a Maradi

Ni kafinta ne, kuma shekara 17 ke nan ina haɗa gadaje da kujeru da kabad a unguwar Zariya da ke nan Maradi, amma har farkon damanar 2024 ban iya zana ko da teburi yadda mai kallo zai gane inda na dosa ba. Abin bai dame ni ba a dā, domin masu sayen kayan ɗaki suna zuwa ne su nuna irin wanda suka gani a ɗakin wata amarya su ce a yi musu kamarsa. Yanzu kuwa da hoto a waya suke zuwa, sannan su ce a rage nan, a ƙara can, a ɗauko kan wannan gado a ɗora a jikin wancan. Wata Hajiya ta taɓa yi mini bayanin gadon ƴarta da baki da hannu, na gyaɗa kai kamar na fahimta, na yi kwana 12 ina aiki, ranar da ta zo gani ta ce sam ba haka ta faɗa ba, kuma da gaskiyarta. Katakon da na ɓata da fomikar da na sake saye sun ci mini fiye da jika 60, wato sefa 60,000. Da a ce na iya zana mata abin a takarda tun ranar farko, da minti goma sun raba gardamar. Wannan asara ce ta kai ni neman malamin zane, kuma abin da zan rubuta a nan hukuncina ne a kan hidimar da na biya kuɗi na samu daga Oktoban 2024 zuwa Mayun 2025, tare da abin da na ƙara da kaina a gida.

Mai son koyon zane a garin nan hanyoyi biyu aka fi sani a gabansa. Ko dai ya zama yaron shago a wurin masu rubuta allunan talla, ya yi shekaru yana wanke burushi da dama fenti kafin a miƙa masa aiki, ko kuma ya rungumi wayarsa ya bi masu koyarwa a YouTube. Ta farko ba ta dace da magidanci mai iyali da shago ba, ta biyu kuma na gwada ta wata biyu ban ga inda na nufa ba. Hanya ta uku ita ce wadda wani abokin sana'ata ya nuna mini, wato a biya mai zane ya zauna da kai kai kaɗai. Malamin da ya haɗa ni da shi matashi ne da bai wuce shekara 30 ba, yana da ɗan shago kusa da babbar kasuwa inda yake rubuta allunan shaguna da na makarantu, yana kuma zana hotunan mutane da fensir ga masu son ba da kyauta a biki. Ba zan ambaci sunansa ba, domin zan faɗi alherinsa in kuma faɗi inda ya gaza, kuma mutum ne mai neman abincinsa.

Sharaɗin da muka yi mai sauƙi ne. Jika 12 a wata, wato sefa 12,000, ana biya a farkon wata, zama ɗaya kowace Lahadi daga ƙarfe 9 zuwa 11 na safe a zauren gidansu, kayan aiki kuma kowa ya sayi nasa. A tsakiyar mako ina da izinin aika masa hoton abin da na zana ta WhatsApp ya duba. Zauren ba wani abin a zo a gani ba ne: tabarma, benci ɗaya, da allon katako da ake ɗorawa a kan gwiwa. Sai daga baya na gane cewa wannan zaure yana da wata daraja da ɗakin karatu mai tagogi huɗu ba shi da ita, domin ƙofa ɗaya ce ke shigo da haske, saboda haka duk abin da aka ajiye a tsakiya inuwarsa a fili take, ba ta rarrabu ba.

Tun kafin in zauna sosai ya yi mini tambayar da ta sa na fara ganin girmansa. Ya ce, "Yaya, za ka zana mai rai ko ba za ka zana ba? Faɗa mini tun yanzu in san hanyar da za mu bi." Kowa ya san cewa a Maradi wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin hadisan da suka yi gargaɗi ga masu sura sanannu ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan iyakarsu, wasu sun tsananta a kan duk hoton mai rai, wasu sun bambanta mutum-mutumi da zanen takarda, wasu sun yi rangwame ga abin koyarwa. Malamin bai yi mini wa'azi ba, bai kuma yi mini dariya ba. Na ce masa ni kayan katako ne buƙatata, sai ya ce to, buta da tulu da kujera da itace da gini sun ishe mu shekara guda ba mu ƙare ba. Haka kuwa aka yi, a cikin wata takwas bai taɓa matsa mini in zana fuska ba, ko da yake a nan ne gwanintarsa ta fi ƙarfi. Duk wanda ke jin tsoron tura ɗansa saboda wannan dalili, ya sani cewa ana iya koyon ginshiƙan zane gaba ɗaya ba tare da an taɓa surar mai rai ba.

A kan kayan aiki ya yi mini adalci, domin bai tura ni sayen abin da ba na buƙata ba. Fensir uku ya ce in nemo, HB da 2B da 6B, da magogi mai laushi, da reza, da bandir ɗaya na takardar A4 ta buga rubutu mai nauyin giram 80. Shi ne ya fara bayyana mini ma'anar waɗannan haruffa da na yi shekaru ina gani a jikin fensir ban kula ba. Bakin fensir garin ma'adini ne baƙi da ake cuɗawa da yumɓu a gasa, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a 1795, kuma gwargwadon yawan yumɓun gwargwadon taurin bakin. Masu harafin H sun fi tauri da haske, masu harafin B sun fi laushi da baƙi, shi ya sa 6B ke cinyewa da sauri kamar alli. Matsalar ita ce kasuwarmu cike take da jabu. Na sayi wasu da aka buga musu sunan babban kamfanin Jamus a jiki, amma 2B ɗinsu da 6B ɗinsu duk ɗaya suke, kuma bakin yana karyewa tun daga ciki. Malamin ya koya mini in gwada a gaban mai kanti kafin in biya, in ja layi uku a jere in ga ko baƙinsu ya bambanta. Takardar Canson mai kauri, wadda ƴan makaranta ke saye a ambulan mai santimita 24 da 32, ya hana ni taɓa ta har wata na huɗu, yana cewa mai tsoron ɓata takarda mai tsada hannunsa ba ya sakewa. Gawayin zane kuwa da kansa yake yi, ya cika gwangwanin madara da siraran rassan itace, ya huda murfin, ya tura cikin murhu har hayaƙi ya daina fita. Ya ba ni dunƙule guda kyauta, kuma har yau da shi nake aiki.

Abin da na fi so in tsaya a kansa shi ne abin da kuɗin ya saya mini a zahiri, domin ba abin da na yi zato ba ne. Na je da tunanin cewa za a koya wa hannuna wata dabara. Ashe hannun kafinta ba shi da laifi, yana iya jan layi miƙaƙƙe fiye da na mutane da yawa. Laifin a ido yake, ko in ce a abin da kai ya riga ya sani. Ranar farko ya ajiye ƙwarya a ƙasa ya ce in zana. Na zana bakinta da'ira cikakkiya, domin na san bakin ƙwarya zagayayye ne. Ya ce in miƙe hannuna gaba ɗaya, in riƙe fensir a tsaye, in rufe ido ɗaya, in auna tsayin bakin da babban yatsa, sannan in kwantar da fensirin in auna faɗinsa. Daga inda nake zaune faɗin ya ninka tsayin sau uku. Na maimaita awon har sau huɗu domin ban yarda ba. Sai ya ce, "Yaya, ƙwaryar da ke cikin kanka ka zana, wadda ke gabanka tana nan tana jiranka."

Wannan cuta ta fi tsanani ga mai sana'a irin tawa. Na san ƙafafun teburi huɗu tsayinsu ɗaya, domin ni nake yanka su da zarto, saboda haka sai in zana su daidai, alhali na baya sun fi gajarta a ido kuma gindinsu ya fi hawa sama a takarda. Na san kusurwar saman teburi a miƙe take, sai in zana ta haka, alhali daga kan benci ta buɗe ko ta tsuke. Duk lokacin da na yi wannan kuskure ba na ganinsa, domin zanen ya yi daidai da abin da na sani. A nan ne amfanin mutum mai zaune kusa da kai yake. Bidiyo yana iya faɗa maka ƙa'idar sau ɗari, amma ba ya leƙo takardarka ya ce ga inda ka karya ta. Malamin yakan ɗora fensirinsa a iska a kan gefen teburin, ya riƙe karkatar, ya sauko da ita kan zanena ba tare da ya motsa wuyan hannu ba, sai bambancin ya fito ƙuru-ƙuru. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ni kuwa na gano cewa nawa idon sai da aka yi wata uku ana horonsa da mudu kafin ya fara sanin kimar.

Darussan haske da inuwa su ne mafi tsari a duk abin da ya koyar. Ya fara da ƙwan kaza a kan farar takarda, kuma mun yi Lahadi uku a kansa har na fara jin haushi. Ya nuna mini inda haske ya fi faɗa, da inda yake fara dusashewa, da ɗamarar inuwa mafi duhu wadda ba a bakin ƙwan take ba sai ɗan ciki, da hasken da takarda ke mayarwa ƙarƙashinsa, da inuwar da ƙwan ya jefa ƙasa wadda ta fi baƙi daf da inda ya taɓa. Ya sa na yi tsani mai matakai biyar daga fari zuwa baƙi a gefen kowace takarda, in riƙa gwada kowane wuri da shi, kuma ya koya mini runtse ido kaɗan domin ƙananan abubuwa su ɓace, manyan dunƙulen duhu da haske su rage. Ya hana ni murza zane da yatsa, domin maiƙon hannu yana kama garin fensir ya bar tabon da magogi ba ya cirewa, abin da ya fi muni a zafin Afrilu lokacin da gumi ke ɗiga daga gwiwar hannu. Takarda ya ce in riƙa sa wa ƙarƙashin hannuna. Ƙaramar shawara ce, amma ta ceci zanena da yawa.

Akwai kuma wani fanni da ban nema ba amma ya zama riba, wato adon gargajiya. Mutumin ya san dagi da ire-irensa, ya san yadda ake ɗaure shi da kamfas da rula daga murabba'i ɗaya har layukan su riƙa hawa da nutsewa bi da bi ba tare da sun rikice ba, ya san zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, da tsarin aska takwas na babbar riga, da irin adon bango da ake gani a tsofaffin gidajen unguwar Birni ta Damagaram. A wannan fanni yana da bayani, yana da haƙuri, kuma ana ganin yana jin daɗin abin da yake yi. Kan gado biyu da na sassaƙa daga waɗannan darussa suka fito, kuma ɗaya daga cikinsu ya jawo mini masu saye uku.

Inda ya gaza ma ba kaɗan ba ne, kuma wanda zai biya ya kamata ya sani. Babban abin da ya dame ni shi ne ɗabi'arsa ta karɓe fensir. Da zarar ya ga na karkace sai ya ce "kawo ka gani", ya gyara a kan takardata, kuma da yake hannunsa yana da daɗi sai ya zarce, kafin in ankara ya gama rabin zanen. In koma gida da takarda mai kyau wadda iyalina ke yabawa, alhali na san ba aikina ba ne kuma ban koyi komai daga gare ta ba. Na yi wata biyu ina jin nauyin yi masa magana, domin ko da na girme shi malamina ne, har ranar da na ce, "Malam, don Allah in za ka gyara, gyara a wata takarda in kwaikwaya." Ya karɓa da fara'a, ya kuma kiyaye na ɗan lokaci, amma hali zanen dutse ne, lokaci-lokaci sai na riƙe fensirina da ƙarfi.

Ba shi da manhaja ko kaɗan. Abin da za a yi ranar Lahadi ya danganta ne da abin da idonsa ya faɗa a kai a zaure da safiyar, yau butar shayi, gobe takalmi, wata rana mu koma ƙwai. Da farko wannan bai cutar ba, domin komai sabo ne a wurina, amma daga wata na biyar na lura muna zagaye wuri ɗaya, sai na fara zuwa da jerin tambayoyina da zanen da suka gagare ni cikin mako. Daga nan darussan suka ƙara amfani sosai, amma ni ne na zama mai tsara su, kuma yaro ɗan shekara 14 ba zai iya yin haka ba. Ga kuma saɓa alkawari. Na riƙa rubuta kowane zama a bayan littafina: cikin zama 32 da na biya, 25 aka yi a kan lokaci, 7 suka faɗi, ya rama 3 daga baya, 4 suka tafi ke nan. Mafi yawansu a azumi ne da gabanin ƙaramar Salla, lokacin da masu shaguna ke sabunta allunansu kuma aiki ya yi masa yawa. Ban ga laifinsa don ya bi aikin da ya fi kawo kuɗi ba, ni ma haka nake yi a lokacin bukukuwa, amma sau biyu sai da na biya kabu-kabu na isa ƙofar gidan kafin ƙaninsa ya ce mini ya fita. Amsar WhatsApp ma haka take, wani lokaci cikin sa'a guda da muryar minti uku mai cike da bayani, wani lokaci kwana huɗu sannan hoton babban yatsa.

Wata dabara da yake yawan turawa ita ce ta raga, wato a ja layuka a kan hoto su raba shi gida-gida, a ja irinsu a takarda, a kwafe abin da ke kowane gida. Tsohuwar dabara ce da masu zanen bango suka yi amfani da irinta tun zamanin Misira ta dā, kuma ita ce ke ba shi kamannin da masu biki ke biya dominsa. Ba na raina ta. Sai dai wanda ya dogara da ita yana iya kwafe hoto kamar inji amma ya kasa zana kujerar da ke gabansa, balle wadda ba a ƙera ba tukuna, kuma ita ce ainihin buƙatata.

Wannan ya kawo ni ga giɓi mafi girma, wato ilimin nisa da kusa, yadda layukan da ke tafiya tare suke haɗuwa a ɗigo ɗaya a kan layin da ke daidai da idon mai kallo. Malamin yana yin sa daidai da hannunsa, amma ba ya iya bayyana dalili. In na tambaye shi me ya sa wannan gefe ya karkata haka, sai ya ce haka ido ke ganinsa. Ga mai zana abin da ke gabansa wannan amsa ta isa, ga mai son fito da kabad daga cikin kansa ba ta isa ba. Dole na koma ga karatun kaina, kuma a nan ne na san cewa wannan ilimi wani magini ne ya fara tabbatar da shi, Filippo Brunelleschi na birnin Fulorans a Italiya, a farkon ƙarni na 15, sannan Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idojinsa a 1435. Na ji daɗin sanin cewa daga wajen masu awo da gini abin ya fito, domin ya rage mini jin cewa na yi kutse a gonar da ba tawa ba.

Abin da ya fi yi mini amfani a intanet shi ne wani shafi na kyauta mai suna Drawabox. Da Turancin Ingilishi yake, ni kuwa Faransanci na ɗan karanta, saboda haka da fassarar waya da kallon hotuna na lallaɓa. Yana da wani atisaye na zana akwati 250 da hannu ba rula, da tawada domin kada a goge, kowane akwati yana fuskantar wani ɓangare dabam, sannan bayan an gama shafi a ɗauki rula a tsawaita layukan a ga ko suna nufin haɗuwa ko suna watsewa. Shafin yana son a yi da alƙalamin zane mai siririn baki, ni da Bic na yi, kuma bai hana komai ba. Akwati biyar nake yi kowane dare bayan sallar isha'i, wani lokaci da fitilar waya in an ɗauke wuta, kuma aikin ya ɗauke ni kwana 50. Babu daɗi a cikinsa ko kaɗan. Amma gado akwati ne, kabad akwati ne, kujera akwatuna ne da aka jera, kuma wajen akwati na 150 na fara jin cewa ina iya juya abu a cikin kaina kafin in sa alƙalami.

Sauran bidiyoyin kuwa sai a yi hattara da su. Suna cin kuɗin data, kuma suna da wata yaudara: mutum ya kalli gwani yana zane na rabin sa'a, ya tashi yana jin kamar shi ma ya ƙaru, alhali takardarsa fara fat. Watanni biyun da na ɓata kafin in sami malami haka suka tafi. Dokar da na kafa wa kaina daga baya ita ce bidiyo ɗaya a mako, in sauke shi a waya, kuma ba zan buɗe wani ba sai na cika shafi goma a kan abin da ya koyar.

Wani abu da ya faru a tsakiyar atisayen akwatunan shi ne ya tsayar mini da hukunci a kan hanyoyin biyu, wato malami da karatun kai a intanet. Na kai wa malamin akwati 60 na farko ina alfahari. Bai san shafin ba, bai san sunayen ƙa'idojin ba, amma ya baje takardun a tabarma, ya dube su bai fi minti ɗaya ba, ya ce duk layukana na tsaye sun jingina dama. Na musa. Ya shiga gida ya ɗauko madubin mahaifiyarsa ya ce in kalli zanen ta ciki, sai ga akwatunan duka kamar iska ta kaɗa su. Dalilin shi ne ina zane a kan teburin shago a kwance, takardar kuma a karkace, ina kallonta ta gefe. Na yi mako biyu ina nanata kuskure ɗaya ina ƙarfafa shi, kuma tsawaita layi da rula bai nuna mini ba domin ba shi nake nema ba. Da ni kaɗai ne da na cika 250 a haka. Shi kuma da shi kaɗai na dogara, da ban zana akwatin ba sam. Sa'a biyu a mako ba sa koya wa kowa zane, kwanaki shidan da ke tsakani ne ke koyarwa, aikin malamin shi ne ya hana kwanakin nan shida tafiya a karkace.

Ya kuma ƙarfafa ni in riƙa fita zane waje, na gwada a bakin Gulbi da cikin tasha, inda na koyi cewa mai zane a Maradi ba ya rasa ƴan kallo. Yara sukan yi cincirindo, manya su tambaya ko gwamnati ce ta aiko ni. Shawararsa a nan mai kyau ce, a nemi izinin mai rumfa kafin a zauna, kuma a nisanci gine-ginen hukuma da na jami'an tsaro gaba ɗaya.

In aka haɗa lissafi, na biya jika 96 na koyarwa, kayan aiki sun ci kusan jika 18, ban da data da kuɗin kabu-kabu. Ga mai sana'ar da zane zai shiga cikinta kai tsaye, kafinta ko tela ko maƙerin ƙofofi ko mai lalle, kuɗin yana dawowa, kuma gemu ba ya hana ilimi, domin ina da shekara 41 na fara. Ga wanda ba zai iya ware ko rabin sa'a kullum ba, ina ganin asara ce, zai riƙa zuwa Lahadi yana maimaita darasin makon jiya. Ga iyayen da za su tura yaro, su nemi a rubuta musu abin da za a koyar wata-wata, su kuma biya kuɗin zama-zama maimakon na wata, domin wannan kaɗai zai magance matsalar ranakun da ke faɗuwa. Mata kuwa zauren bai dace da su ba, mashigar gida ce kuma abokansa suna yawan zama, amma ya ce mini yana zuwa gida ya koyar in akwai babba a wurin, da ƙarin kuɗin abin hawa.

Yanzu ina iya zana gado ko kabad a gaban mai saye cikin minti goma zuwa sha biyar, ta fuska biyu, in rubuta awo a gefe, shi kuma ya sa hannu a ƙasa kafin in yanka katako ko ɗaya. Har yanzu labule da katifa da duk abin da ke da laushi suna gagarata, suna fitowa kamar an sassaƙa su da itace, kuma zanen kujera mai lanƙwasassun ƙafafu sai na yi sau uku. Tun watan Yunin 2025 na daina biyan kuɗin wata. Ina zuwa Lahadin farko ta kowane wata da duk abin da na zana, in biya jika 3, in kira shi a waya da daddare in tabbatar yana gari, in kuma tafi da takarda ta dabam wadda zai yi gyaransa a kai.